Wasiƙa Ga Uwar Da Ta Tambaye Ni Kan Jijiyar Hannun Ɗanta

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

Tunda a gaban jama'a kika yi tambayar, bari in amsa a gabansu. Kin ce wata huɗu ke nan da gilashi ya tsinke wa ɗanki jijiyar saƙo a wuyan hannu, yatsu biyu sun daina ji, likita ya ce sai tiyata. Ke kuma an ba ki labarin allurar ƙwayoyin halitta na tushe, wato sitem sel, da magungunan da wai ke tsirar da jijiya. Shin a jira su?

Don Allah kada ki jira.

Jijiya tana tsirowa da kanta, amma tafiyar hawainiya take yi, kusan milimita 1 a rana, inci guda a wata. Tun 1850 wani masani ɗan Birtaniya, Augustus Waller, ya nuna a jikin kwaɗi cewa ɓangaren da aka raba da tushensa lalacewa yake yi. Daga nan wasu ƙwayoyi da ake kira Schwann su share wurin, su jeru su zama hanyar da sabon zare zai bi. Sai dai ba sa jira har abada. Watanni na tafiya, suna rasa kuzari. Tsokar da ba ta samun saƙo ita ma shanyewa take yi, kuma in ta kai shekara ɗaya zuwa wata 18 a haka, ko jijiyar ta iso ba lallai ta tashe ta ba. Ga shi jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya bakunanta ja da baya suke yi, babu allurar da za ta ɗinke su. In giɓin ya yi faɗi, sai an yanko wata jijiyar daga ƙafa an yi gada.

Sitem sel ba ƙarya ba ne, ni kaina ina sa musu rai. Ana ciro su daga ɓargo ko kitse, kuma alamu sun nuna babban aikinsu shi ne fitar da sinadaran da ke ciyar da jijiya mai tsirowa. Amma akasarin nasarar a cinyar ɓera aka gan ta, inda giɓin bai wuce milimita 10 zuwa 15 ba, dabbar kuma ta fi mu saurin warkewa. Hannun mutum tafiya ce mai nisa. Ki kuma lura, ko a ɓerayen, sai an haɗa jijiyar ake zuba ƙwayoyin. Akwai kuma haɗari: a 2017 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wasu mata uku da ganinsu ya lalace bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido, kuma da kuɗinsu suka saya.

Cikin magunguna, wanda ya fi jan hankali shi ne takrolimus, da ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Ya hanzarta tsirowar jijiya a dabbobi, amma yana danne garkuwar jiki, yana taɓa ƙoda, yana iya jawo ciwon suga. Shi ya sa ake binciken yadda za a ajiye ɗan kaɗan a daidai wurin ɗinkin, maimakon a sha. Gabafentin da firegabalin zugi suke ragewa, ba sa tsirar da komai. Bitamin B12 kuwa, amfaninsa tabbatacce ga mai ƙarancinsa ne.

Ki koma wurin likitan a makon nan. Ki tambaye shi ko ɗinki zai wadatar ko sai gada, da ranar da za a fara gashin hannun don kada yatsun su sandare. In wani ya yi muku tayin sitem sel, ki nemi shaidar cewa gwaji ne mai rajista da hukuma ta amince da shi.

Allah Ya ba yaron lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanki