Zariya da Osogbo sun yi cuɗanya a fagen zane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalar da kuka buga a shafin al'adu kan masu zanen Najeriya, inda marubucin ya raba su gida biyu: 'yan boko na Zariya da 'yan koyon hannu na Osogbo, kamar ba su taɓa haɗa hanya ba. A nan ne na ga gyara.

Gaskiya ne tushensu daban. A 1958 ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Sun gaji da kwaikwayon malamansu Turawa, suka ce a riƙe dabarar aji amma a cika ta da kayan gida. Okeke, wanda a Kafanchan ya tashi, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Su kuwa na Osogbo, irin su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami, da yawansu daga wasan kwaikwayon Duro Ladipo suka fito, aka miƙa musu fenti a 1964 ba tare da darasin auna tsayi da inuwa ba. Shi ya sa hoton Twins ke cike dam da iskoki da dodanni, layi kan layi, ba inda ido zai huta.

To amma Georgina Beier, Baturiya mai zane da ta jagoranci wannan horon na Osogbo, a Zariya ta fara zama kafin ta sauka kudu. Onobrakpeya mai takardar shaida bai ji girman kai ba, ya je Osogbo ya ƙaro sanin buga zane daga faranti, sana'ar da ta ɗaukaka sunansa. Buraimoh kuma, mai liƙa ƙananan duwatsun ado a kan allo, daga baya ya zo Zariya ya yi karatu. Ni dai aikin Grillo ya fi kwanta mini, saboda shuɗin nan nasa mai sanyi.

Roƙona, ku tura wakilinku cikin birnin Zazzau ya tattauna da magina masu zanen bangon soro, mu ji ko waɗancan ɗaliban sun taɓa zama a gabansu.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna