Zuwa ga Garba: ka nemo malaman da suka tafi

Aminina Malam Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Walida da yara, da shinkafar Malesiya safe da rana da dare. Ashe dai Bazazzagi yana tuna mutane idan wuya ta yi wuya? Tun Babbar Salla ba a ji ɗuriyarka ba, sai da mai duba aikinka ya dawo maka da babi na uku jajawur da biro, sannan ka tuna kana da ubangida a Kano. To, an yafe maka.

Ka tambaye ni wace takardar tambayoyi za ka yi amfani da ita a bincikenka wajen auna ƙosawar malamai da aiki. Amma tsarin da ka turo yana da gyara tun daga tushe, kuma ba zaɓen takarda ba ne babbar matsalarsa.

Abin da ka shirya shi ne ka raba wa malamai 384 takarda a jihar Kaduna, ka auna yadda suka ƙosa da aiki, a takardar kuma ka tambaye su ko suna da niyyar barin koyarwa, sai ka haɗa biyun ka ce ga abin da ke korar malamai. Garba, duk wanda za ka tarar a ɗakin malamai ranar da ka je, wanda bai tafi ba ne. Wanda aikin ya fi ci wa rai ya riga ya kama gabansa, ko yana kwance a gida, ko yana shagonsa a kasuwa. Ka ga tun kafin ka fara, mutanen da bincikenka ya fi shafa sun zame maka. Sannan mutum ɗaya ne zai amsa tambayoyin biyu a zama ɗaya. Idan ranar ya fito gida babu kuɗin cefane, zai ce ya gaji, zai kuma ce zai tafi, lissafinka ya nuna dangantaka mai ƙarfi, alhali ɓacin ran safiya ɗaya ka auna sau biyu.

Na ga ka jingina da aikin Daniel Madigan da Lisa Kim na 2021. Aiki ne mai kyau, sun tattara binciken da aka yi a baya suka nuna ƙosawa da aiki tana tafiya tare da niyyar barinsa, har ta fi rashin gamsuwa da aikin tasiri. Amma niyya suka tattara, ba tafiya ba. A wurinmu kuwa tazarar da ke tsakanin biyun tana da faɗi ƙwarai. Malamin gwamnati ba kasafai yake rubuta takardar ajiye aiki ba, don babu wani aikin da ke jiransa, ga kuma fansho da yake hange. Sunansa yana nan a takardar albashi, shi kuwa zuciyarsa ta daɗe da tafiya. Zai zo da safe ya sa hannu a littafi kafin hedimasta ya ja jan layin nan na ƙarfe takwas, ya shiga aji ɗaya, ya ba monita littafi ya kwafa wa yara a allo, kafin tara da rabi yana kan babur ɗinsa ya nufi gona ko bakin tasha. Idan ka dogara da takardar albashi, wannan mutumin za ka lissafa shi cikin waɗanda makaranta ta riƙe.

Saboda haka ka mai da aikin zagaye biyu. Na farko a mako na biyar ko na shida na zangon farko, lokacin da aiki ya zauna kuma jarrabawa ba ta matso ba. A nan za ka auna lafiyar zuciya da yanayin aiki. Na biyu bayan an dawo hutun ƙarshen shekara, sai ka bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ka ga inda kowa ya kwana. Ka karɓi lambar waya biyu daga kowa, tasa da ta wani ɗan'uwa, don layi yana ɓata, waya tana faɗawa hannun ɓarawo. Kada ka tsaya a kan ya tafi ko bai tafi ba. Richard Ingersoll na Jami'ar Pennsylvania tun 2001 ya raba wanda ya sauya makaranta da wanda ya bar sana'ar gaba ɗaya, ya kuma nuna cewa a Amurka ƙarancin malamai ya fi zuwa daga yawan masu fita, ba daga ƙarancin masu shiga ba, kamar mai zuba ruwa a bokiti mai huji. Kai sai ka ƙara rabe-raben da suka dace da mu: wanda ya nemi canji da kansa daban, wanda aka tura daban, wanda ya tafi ƙaro karatu da albashi, malamar da ta yi aure ta bi miji wani gari, wanda ya yi ritaya ko ya rasu, da wancan na kan babur. Shi wannan na ƙarshe ba ya kamuwa sai da ziyarar ba-zata, irin wadda Bankin Duniya ya yi amfani da ita a bincikensa na makarantu a ƙasashen Afirka: ka iso ba sanarwa, ka duba jadawali, ka leƙa ajin ka ga ko mai darasin yana ciki.

Ka cire masu yi wa ƙasa hidima da 'yan sa-kai daga lissafin, tafiyarsu a rubuce take tun ranar da suka zo. Kuma idan za ka waiwayi tsofaffin bayanai na jiharku, ka yi hattara da 2017 da 2018, lokacin da aka ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. Korarre ba ya shiga sahun wanda ya gaji ya tafi. Haka ma masu neman canji daga Birnin Gwari ko Giwa ko Chikun, musamman bayan sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024. Tsoron rai ne ya taso su, ka ba shi gurbinsa daban a takardar, in ba haka ba zai shige cikin gajiyar aiki ya rikita maka sakamako.

Af, kafin in ci gaba, Idi Dogo ya bar makarantar nan mai zaman kanta, yanzu yana sayar da waya a Farm Centre, ya yi ƙiba har da tumbi. Ya ce in gaya maka bashin nan na Samaru bai manta ba, kuma da ringgit yake so a biya shi. Hajiya Ladi ta aurar da autarta, an yi taro, ana ta tambayar ina Furofesa. Ka ji sunan da suka riga suka laƙaba maka, sai ka yi ƙoƙari kada ka ba su kunya.

Maganar Idi ta tuna mini: ka sa makarantun kuɗi a cikin samfurinka, ka ware su rukuni guda. A can ne ake tafiya ta zahiri, don da yawa ba sa biyan albashin hutu, kuma malami yana iya barin aiki a tsakiyar zango ba tare da takarda ba.

Yanzu ga tambayar taka. Ma'aunin Maslach, wato MBI, wanda Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar a 1981, shi ne aka fi sani, kuma na malamai yana da tambaya 22: guda 9 kan gajiyar zuciya, 5 kan bushewar zuciya ga ɗalibai, 8 kan jin ko aikin yana haifar da wani abu. Kowace ana amsa ta daga 0 zuwa 6. Kurakurai biyu ake yawan yi da shi. Ana tara makin sassan uku a fitar da jimla ɗaya, alhali kowane sashe zaman kansa yake. Ana kuma yanka layi a ce kashi kaza na malamai sun ƙosa da aiki, alhali masu ma'aunin da kansu sun janye waɗannan layukan a 2016. Ga shi kuma na kuɗi ne, kamfanin Mind Garden ake biya gwargwadon yawan kwafi, kuma mujallar kirki za ta iya tambayarka shaidar izini. Na Copenhagen, wato CBI na 2005, kyauta ne, tambaya 19, ya raba gajiyar mutum a karan kansa da wadda aiki ya jawo da wadda hulɗa da ɗalibai ta jawo. Ni shi nake ba ka shawara, don aljihunka da kuma wannan rabuwar, wadda za ta nuna maka ko yaran ne suka gajiyar da malami ko tsarin makarantar. Sai dai in mai duba aikinka ya kafe a kan MBI don a kwatanta da binciken wasu ƙasashe, to hujja ce, ka bi shi.

Kowanne ka ɗauka, a juya shi zuwa Hausa da hannun mutum biyu da ba su ga aikin juna ba, na uku ya mai da shi Turanci bai ga na asali ba, sannan ka zauna da malamai kamar goma kowa ya karanta da ƙarfi ya gaya maka abin da ya fahimta. Mutanenmu sun fi kawo kukan zuciya ta hanyar jiki, ciwon kai, rashin barci, nauyin ƙirji, hawan jini, don haka ka bar fili a ƙarshe mutum ya faɗa da bakinsa.

Kada ka haɗa ƙosawa da aiki da ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa ta farko a kundinta na cututtuka, ICD-11, a matsayin abin da yanayin aiki ke haifarwa, ta ce ba cuta ba ce. Ciwon damuwa kuwa cuta ne mai magani, ana tantance shi da PHQ-9, tambaya 9, maki 0 zuwa 27, daga 10 zuwa sama ana so likita ya gani. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take. Garba, don Allah kada ka yi wannan tambayar sai ka shirya abin da za ka yi idan wani ya ce e. Ka duba wannan layin tun kana harabar makarantar, kada ka bari sai ka koma masauki. Ka riga ka yi magana da wani likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko asibitin koyarwa na Shika, lambarsa tana hannunka, ka kuma ware kuɗin mota a kasafin. Wanda ya buɗe maka cikinsa ya ɗora maka amana.

Kuma hedimasta kada ya taɓa takardar. Idan shi ya raba, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira a miƙo masa, kowa zai rubuta alhamdulillahi. Lamba za ka sa maimakon suna, kowa ya rufe tasa a ambulan ya jefa a kwali, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma tana wurinka kai kaɗai. Malamai mata, mace ta zauna da su.

Wannan 384 ɗin naka daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ka ɗauko, na gane shi. Yana aiki ne idan ɗaiɗai ka tsinto mutane daga ko'ina. Kai kuwa makaranta-makaranta za ka bi, kuma malaman makaranta ɗaya hedimasta ɗaya suke sha, amsoshinsu za su yi kama. In ka ɗauki mutum 10 a kowace makaranta, muka ƙaddara kamannin ya kai 0.1, sai ka ninka adadin da 1.9, ya zama wajen 730. In 5 ka ɗauka, ninkin 1.4 ne, wajen 540, amma makarantu sun haura 100. Ka ƙara wani abu a kai saboda waɗanda za su ɓace kafin zagaye na biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne babinka na shawarwari, inda tun ba ka tattara komai ba ka rubuta a shirya wa malamai bita kan haƙuri da sarrafa damuwa. William Fleming na Oxford ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya, ya wallafa a 2024, bai ga waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shiryen sun fi sauran samun sauƙi ba. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki ta ba da ƙarfi ga gyaran aikin kansa da horar da shugabanni. Binciken Donald Boyd da abokansa a New York a 2011 ya gano yadda malami ke kallon shugabannin makarantarsa shi ya fi komai tasiri a kan zamansa ko tafiyarsa. Malamin da ke gaban yara 120, alhali manufar ilimi ta ƙasa 35 ta ce a firamare, ba ƙarancin haƙuri ke damunsa ba. Don haka ka auna abin da hukuma za ta iya gyarawa. Ka ƙirga darussan kowa a mako daga jadawalin da ke manne a ofis, ka ƙirga kawunan yara da idonka ba daga rajista ba, ka tambayi darasi nawa yake koyarwa da ba fanninsa ba, nawa mota ke ci daga albashinsa, yaushe aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe kuma ko ya gani a kuɗi, kwana nawa albashin watan jiya ya yi latti, akwai makewayin malamai mata ko babu. Tsarin Johannes Siegrist na 1996, na rashin daidaito tsakanin wahala da sakamako, ya fi dacewa da waɗannan fiye da wanda ka ɗauko.

Idan mai duba aikinka ya ce zagaye biyu ya yi tsawo, ka nuna masa aikin Ronfeldt da Loeb da Wyckoff na 2013: sauyin malamai ya rage makin yara a lissafi da Turanci a New York, har da yaran da nasu malamin bai je ko'ina ba. Abin da ke da wannan nauyin ya cancanci a jira shi shekara guda.

Takardar izini daga ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, tana cin lokaci, ka tura wa Sabo wasiƙar gabatarwa daga jami'arku tun yanzu ya fara bi maka, kada ka sauka a watan Oktoba ka tarar ba a sa hannu ba. Ka turo mini babi na uku idan ka gyara, da takardar Hausar kafin a buga. Inna tana gaishe ka, ta ce man zafin nan da ka aiko ya ƙare. A shafa mini kan Walida.

Wassalam, naka,
Auwalu