Yaushe ne ya halatta jami'in tsaro ya harbi wanda ake zargi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun hira na garin Maraɗi, wato ko jami'in tsaro yana da hurumin harbe mutumin da ake zargi idan kamu ya rikiɗe ya zama kokawa. Wasu na cewa duk wanda ya ɗaga wa mai kaki hannu shi ya jawo wa kansa, wasu kuma na ɗaukar kowane harbi na ɗan sanda a matsayin zalunci. A ganina tambayar da ta kamata a yi guda ɗaya ce: a daidai lokacin da aka danna kunamar bindiga, akwai ran da ke cikin haɗari, ko kuwa babu?

Adalci ne in fara da ɓangaren jami'an. Jiharmu tana iyaka da Katsina da Zamfara, kuma mutanen Madarumfa da Gidan Rumji sun san abin da ake nufi da 'yan bindiga masu shigowa da dare a kan babura, su kore shanu, su tafi da mutane don neman kuɗin fansa. Jandarma ko ɗan garda da ya yi arangama da irin waɗannan babu mai hankalin da zai ce ya tsaya yana lallashi. Ko a cikin gari ma, wuƙa ba abin wasa ba ce. Tun a 1983 wani mai horar da 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai riƙe da wuƙa yana iya cin tazarar kimanin mita shida a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato kafin jami'i ya gama zaro bindigarsa daga ƙugu. Haka kuma idan ana cikin kokawa mutum ya kai hannu ga bindigar jami'i yana ƙoƙarin fizge ta, to rai ya shiga haɗari, kuma dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta amince wa kowa da kare kansa da kare wani.

Sai dai yawancin kamun da ake yi a gari ba haka yake ba. Mu ɗauki abin da duk mai zirga-zirga a bakin babbar kasuwa zai iya gani: an yi ihun ɓarawo a kan wani saurayi da ake zargi da fizge wayar salula, ɗan sanda ya cafke shi ta ƙugun wando, yaron ya murɗe, rigarsa ta yage, gwiwar hannunsa ta sami jami'in a baki, hula ta faɗi ƙasa, 'yan kabu-kabu suka fashe da dariya, shi kuma ya zubar da silifa ya kutsa tsakanin adaidaita sahu da gudu. A wannan lokacin leɓen jami'in yana jini, zuciyarsa tana tafasa, kunya ta rufe shi a gaban jama'a, bindiga kuma tana rataye a jikinsa. Duk da haka babu ran da ke cikin haɗari, domin wanda ya ba ka baya yana gudu ba ya shirin kashe ka. Hukuncin satar waya zaman kaso ne, kuma alƙalin da ya saurari shaidu ma ba shi da ikon yanke masa kisa, balle jami'in da bai saurari kowa ba. Ga shi kuma harsashin da aka saki a cikin kasuwa bai san ɓarawo ba, yana iya ƙarewa a jikin yarinya mai tallar gyaɗa.

Wannan iyaka ba ni na ƙago ta ba. A 1990, a birnin Habana na ƙasar Kuba, taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. Ƙa'ida ta tara ta ce ba a harbi da nufin kisa sai idan babu wata makawa don a ceci rai, ta goma kuma ta wajabta wa jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi a fili, ya ba da lokacin da za a ji gargaɗin, sai fa idan jinkirin zai jawo halaka. Ƙa'idojin sun kuma ce a gaggauta kai wanda aka raunata asibiti, a sanar da danginsa, kuma cewa "umurni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya san umurnin haramtacce ne. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda Nijar ke cikinta, ta haramta ɗauke ran mutum ba bisa ƙa'ida ba a sashenta na huɗu. Wanda kuma yake ganin wannan duk maganar Turawa ce, sai ya tambayi malamin zaurensu abin da Muhtasar na Shehu Halil ya faɗa a kan tunkuɗe mai kawo farmaki. A fikihun Malikiyya ana fara yi masa gargaɗi idan mai fahimta ne, kuma ba a nufin kashe shi sai an tabbata ba zai tunkuɗu ba sai da hakan.

Ƙasashen da suka sassauta wannan iyaka sun ga sakamakonsa. A birnin Memfis na Amurka, a 1974, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 15, Edward Garner, yana ƙoƙarin tsallake shinge bayan an shiga wani gida sata, alhali ba ya ɗauke da makami. Sai a 1985 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa ba a harbin mai gudu sai idan akwai dalili mai ƙarfi na cewa zai kashe wani ko ya yi masa mummunan rauni. A Faransa kuwa, dokar 2017 ta faɗaɗa damar harbin direban da ya ƙi tsayawa, kuma a ranar 27 ga Yunin 2023 aka harbe Nahel, ɗan shekara 17, yana tuƙa mota a garin Nanter, kusa da birnin Faris. Bayanin farko da ya fito daga ɓangaren 'yan sanda ya ce motar ta nufo jami'an, amma hoton bidiyo ya nuna suna tsaye ne a gefenta. Da babu wanda ya ɗauki hoton, da bayanin farko ne zai zauna.

Akwai kuma abin da masu muhawarar nan suke yawan mantawa, wato ana kashe mutum a wajen kamu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. George Floyd, a ranar 25 ga Mayun 2020 a birnin Miniyafolis na Amurka, yana kwance rub da ciki, hannuwansa a baya cikin ankwa, jami'i ya danne masa wuya da gwiwa sama da minti tara, kuma daga baya kotu ta ɗaure jami'in shekara 22 da rabi. Ko da a ce Floyd ya yi gardama da farko, gardamar ta ƙare tun da aka sa masa ankwa. Wannan ita ce gaɓar da na fi so jami'anmu su riƙe, domin haɗari yana da farko yana da ƙarshe, kuma izinin amfani da ƙarfi yana ƙarewa tare da shi. Dukan da ake yi wa mutum da gindin bindiga bayan an jefa shi a bayan mota, ko takawar da ake yi masa a ƙirji don a huce haushin gudun da ya sa aka yi, ramuwa ce, kuma doka ba ta ba kowa ita ba.

Na san za a ce idan aka ɗaure wa jami'ai hannu ɓarayi za su miƙe ƙafa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun gwada sakin hannun: rundunar SARS an kafa ta ne don yaƙi da fashi, amma zargin kisa da azabtarwa ya yi mata yawa har matasa suka cika tituna, gwamnati ta rusa ta a ranar 11 ga Oktoban 2020. Jami'in da jama'a ke tsoro ba ya samun labari, alhali a yankin iyaka kamar namu labarin da manomi ko makiyayi zai kawo a kan lokaci shi ne rabin aikin tsaro. Mu ma jama'a muna da namu laifin, domin taron da ke rufar wa wanda ake zargi da sanduna da duwatsu shi ne kuma yake zuga jami'i da cewa ya gama da shi kawai.

Gyaran yana farawa ne daga kayan aiki. Jami'in da aka tura shi kaɗai, ba ankwa, ba kulki, ba barkonon tsohuwa, ba na'urar kiran 'yan uwansa, sai bindigar yaƙi a kafaɗa, an bar masa zaɓi biyu ne kacal, ko ya saki mutum ko ya harbe shi. A tura su biyu ko uku, a kuma riƙa maimaita musu horon kamu da hannu kamar yadda ake maimaita na harbi. Bayan haka, duk ran da ya salwanta a hannun jami'i ya kamata mai gabatar da ƙara na gwamnati ya buɗe bincike a kansa ba tare da jiran koken dangi ba, kuma kada binciken ya kasance a hannun komisariyar da abin ya shafa. Kenya ta kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan 'yan sanda da dokar 2011 saboda wannan dalilin. A nan wurinmu akwai wata matsala ta musamman, wato muna gaggauta jana'iza kamar yadda addini ya koyar, sai a rufe mamaci tare da shaidar da ke jikinsa. Ba sai an jinkirta sutura kwana da kwanaki ba, amma wajibi ne likita ya duba gawar, ya rubuta abin da ya gani, a ba dangi kwafin takardar kafin a kai shi makwancinsa.

Ku ma 'yan jarida, ranku ya daɗe, ina roƙonku idan aka kawo muku sanarwar cewa wani da ake zargi ya mutu yana ƙoƙarin tserewa ko ƙwace makami, ku tambaya ta ina harsashin ya shiga, ta gaba ko ta baya, ko akwai ankwa a hannunsa a lokacin, da kuma wane makami aka samu a wurin, sannan ku buga amsar da aka ba ku tare da sanarwar.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga unguwar Zariya, Maraɗi