Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Da Waliyyan Ɗalibai Game Da Damben Boksin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye da waliyyai masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri, hukumar makaranta tana sanar da ku cewa daga wannan zangon karatu za a ƙara damben boksin a cikin wasannin da ɗalibai ke yi bayan tashi daga aji. Tun da maganar ta fito a taron iyaye da malamai tambayoyi suke ta zuwa ofis, kuma kusan duka a kan abu ɗaya suke: ashe makaranta za ta tara yara ta koya musu dukan juna? Wannan damuwa tana kan hanya, shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana muku dokokin wasan, da yadda atisayen zai kasance, da iyakar da muka gindaya wa kanmu, kafin kowa ya sa hannu a takardar amincewa.

Dambe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, amma wanda za mu koyar ya sha bamban da na gargajiya, inda ake naɗe hannu ɗaya da kara, kuma da zarar hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. A boksin hannayen biyu ne ake sa wa safar hannu mai laushi, ba a shuri ko kaɗan, sannan ba a haɗa mutum sai da tsaransa a shekaru da nauyin jiki. Tushen wannan tsari shi ne dokokin Queensberry da aka wallafa a Ingila a 1867, waɗanda suka wajabta safar hannu, suka ƙayyade kowane turmi a minti 3 da hutun minti 1, suka kuma ba wanda ya faɗi daƙiƙa 10 ya tashi. A gasar Olamfik turmi 3 ake yi, alƙalai biyar da ke zaune a gefen dandamali suna ba wanda ya rinjaye a kowane turmi maki 10, ɗayan kuma 9 ko ƙasa da haka. Matasa 'yan shekara 15 zuwa 16 minti 2 kawai suke yi a turmi.

Naushin da ake ƙirgawa shi ne wanda ya sauka da gaban dunƙulallen hannu a gaba ko gefen kai, ko a jiki daga ƙugu zuwa sama. Laifi ne a kai duka ƙasa da ƙugu, ko a ƙeya, ko a gadon baya wajen ƙoda. Laifi ne kuma a yi karo da kai, ko a kai gwiwar hannu, ko a riƙe abokin karawa ana dukansa, ko a taɓa wanda ya riga ya faɗi. Maganar alƙalin wasa ita ce ta ƙarshe: idan ya ce a tsaya sai a tsaya, ko da hannu ya riga ya ɗaga, kuma yana da ikon ya ƙirga wa ɗan wasa takwas yana tsaye idan ya ga naushi ya gigita shi, ko ya kawo ƙarshen karawar baki ɗaya.

Wasan yana da tarihi mai kyau a wajenmu. Ɗan Najeriya Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a birnin Faris a 1957, Dick Tiger, shi ma ɗan Najeriya, ya biyo baya a 1962, kuma lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu a boksin ta same ta, wato tagullar da Nojim Maiyegun ya ci a Tokiyo a 1964. Haka ma Jamhuriyar Nijar, Issaka Dabore ne ya fara kawo mata lamba, daga gasar Munik ta 1972.

Duk da haka ba za mu ɓoye muku haɗarin ba, domin a nan ne gizo ke saƙar. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne a cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma idan naushi ya juya kai da ƙarfi sai ta girgiza ta bugi ƙashi daga ciki. Hular kariya tana rage tsagewar fata da kumburi, amma ba ta hana wannan girgizar, ballantana ga yaron da wuyansa bai gama ƙwari ba. Mutuwar ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim a 1982, bayan karawarsa da Ray Mancini a Amurka, ita ta sa aka rage damben kambun duniya daga turmi 15 zuwa 12. A 2011 kuma ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya cewa ba su goyon bayan yara su shiga damben da ake dukan kai. Mun ɗauki wannan gargaɗi da muhimmanci, saboda haka hukuncin makaranta shi ne babu ɗalibin da zai kai wa ɗan'uwansa naushi a ka ko a fuska. Naushi a kan buhun atisaye zai sauka, ko a kan matashin da mai horarwa ke riƙewa a tafin hannu. Wanda ya nuna hazaƙa har iyayensa suka so ya shiga gasa, wannan magana ce daban da za ta bi ta hannun hukumar wasanni ta jiha, bayan gwajin likita da sabuwar amincewa a rubuce.

Za a riƙa atisaye sau biyu a mako bayan sallar la'asar, na kimanin awa ɗaya. Ana farawa da sassarfa da miƙe gaɓoɓi, sai tsallen igiya, wanda yake koya wa ƙafafu sauƙin motsi kuma yake ƙara numfashi. Daga nan sai tsayuwa, wadda ita ce za ta ɗauki makonnin farko: ƙafar hagu a gaba ga mai amfani da dama, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, haɓa a sunkuye, hannaye a gefen kumatu, gwiwoyin hannu kuma suna tsare haƙarƙari. Yara sukan ƙosa a wannan mataki domin buhu suke marmari, amma wanda bai iya tsayuwa da kare kansa ba ba za a ba shi safar hannu ba. Ana rufewa da naushin iska, wato kai naushi ba tare da buhu ko abokin karawa ba, da motsa ciki da wuya, sannan a huce a hankali.

Naɗin hannu abu ne da za ku ga 'ya'yanku suna gwadawa a gida, don haka ga yadda yake. Ana saƙala maɗaukin bandejin a babban yatsa, a zagaya wuyan hannu sau uku, a haura a rufe ƙasusuwan bayan yatsu, a ratsa tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan a dawo a ɗaure a wuyan hannu. Idan yaro ya dunƙule hannu ya ji ya kama daram, an yi daidai. Idan kuwa farcensa ya canza launi ko yatsun suka yi sanyi, an matse da yawa, sai a warware a sake. Makaranta za ta samar da safar hannu da buhuna, amma bandeji da robar kare haƙora da gorar ruwa kowa ya zo da nasa, kuma ba a aron su, saboda gumi da yawu da jini hanyoyi ne na yaɗa cuta. A taimaka a riƙa wanke bandejin ana shanya shi a rana.

A watannin zafi za a rage tsawon atisaye a ƙara hutun shan ruwa, a lokacin hunturu kuma za a koma cikin zaure saboda ƙura, sannan a watan azumi za a dakatar da shi gaba ɗaya. Ɗalibai mata suna da nasu lokacin tare da malama, cikin suturar da ta rufe jiki. Mata sun fara damben Olamfik tun 2012 a Landan, kuma tun 2019 aka amince su yi gasar duniya da hijabi.

Akwai abubuwan da ku kaɗai za ku iya lura da su. Kada a bar yaro ya ƙaurace wa abinci ko ruwa da sunan rage nauyi, domin ba mu buƙaci haka daga kowa ba. Tuwo da wake da ƙwai da ganye da isasshen barci sun wadatar. Duk wanda ya nuna wa ɗanku wata ƙwaya, musamman tiramadol, ya ce tana ƙara ƙarfi ko tana kashe zafin duka, a sanar da mu a ranar. Idan kuma yaro ya bugu a kai, a makaranta ne ko a unguwa, sai ya dawo yana ciwon kai, ko jiri, ko amai, ko yana gani dishi-dishi, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko barci ya yi masa nauyi fiye da yadda aka saba, a kai shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. Ba lallai ne sai ya suma ba kafin a ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, kuma alamun kan iya jinkirta sa'o'i kafin su bayyana. A dokar gasa ma wanda aka kayar da naushin kai sai ya huta aƙalla kwana 30, mu kuwa ba za mu karɓi yaro ba sai da takardar likita.

Ɗalibin da ya ɗaga hannu ga wani a aji, ko a hanya, ko ga ƙannensa a gida da abin da ya koya, za a cire shi daga ƙungiyar nan take, haka ma wanda karatunsa ya ja baya za a dakatar da shi har ya gyara.

Takardar amincewa tana haɗe da wannan wasiƙa. Muna roƙo a cike sashen lafiya tsakani da Allah, a ambaci sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko matsalar ido, ko wata tsohuwar buguwa a kai, domin malamin jinya ya duba ya ba da shawara. Bayanin zai kasance sirri, kuma wanda bai dawo da takardar ba ba zai fara ba. Ƙofar zauren a buɗe take ga duk uba ko uwa da ke son zuwa kallon atisaye, sai dai a fara biyowa ta ofishin malamin wasanni.

Wassalam.

Shugaban Makaranta, a madadin hukumar gudanarwa