Neman shawara kan casis ɗin tsohuwar mota da nake son saya a Daura

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na gidan rediyo, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga birnin Katsina, inda na shekara 19 ina sana'ar walda da gyaran bodin mota. Na daɗe ina sauraron yadda kake warware wa jama'a matsalolin ciniki da na takardun hukuma, shi ya sa na kawo maka tawa, domin ta haɗa aikin ƙarfe da doka da kuma haƙƙin bayin Allah, kuma a cikin ukun nan ƙarfen ne kaɗai fannina.

Burina shi ne in ƙera ƙaramar mota mai kujera biyu, marar rufi, a kan fasalin Porsche 356, wadda aka fara yi a 1948 aka daina a 1965. Bodin ba ya ba ni tsoro, da hannuna zan buga shi, kuma na riga na zana shi a kan katako da awonsa. Abin da ya tsayar da ni shekara biyu cur shi ne casis, wato ƙashin da ke ɗauke da inji da giya da ƙafafu da sitiyari, wanda kuma a jikinsa ake buga lambar da hukuma ta san mota da ita. Ba kowace tsohuwar mota ce take da casis da za a iya raba shi da bodi ba. MGB ta Ingila da Datsun 240Z ta Japan, har ma da Peugeot 504 ɗinmu da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, duk bodinsu shi ne ƙashinsu, idan aka yanke rufin aka cire fatar, abin da ya rage ba zai riƙe kansa a kan hanya ba. Volkswagen Beetle kuwa da notuna aka ɗaure bodinta a kan faffaɗan faranti mai doro a tsakiya, ana kwance su sai a ɗaga bodin gaba ɗaya a ajiye gefe. Dangantaka ma akwai tsakanin motocin biyu, domin Ferdinand Porsche ne ya tsara Beetle, ɗansa Ferry kuma ya fara ƙera 356 da kayanta, shi ya sa dukansu injinsu yana baya kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto.

Na yi yawo Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna ba sau ɗaya ba, amma duk Beetle ɗin da na tarar, ko dai an riga an yanka ta, ko tsatsa ta cinye ta. A watan jiya ne wani abokin sana'ata ya kai ni wani gida a Daura, inda na ga irin wadda nake nema tana ajiye a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Mai ita tsohon malamin makaranta ne, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa a zamanin da masana'antar Volkswagen ta Legas take haɗa su. Na shiga ƙarƙashinta da fitila da guduma na bi ta kusurwa kusurwa. Doron tsakiya lafiyarsa ƙalau, ƙahonnin baya da ke riƙe giya ba su karkace ba, kuma na auna daga kusurwa zuwa kusurwa na ga bai taɓa shan karo ba. Wuri ɗaya ne ya huje, gefen dama a ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake zama, kuma wannan ciwon kusan duk Beetle ne, aikin yini biyu ne a wurina. Bushewar iskar ƙasarmu ce ta kare ta, da a bakin teku ta yi waɗannan shekarun da tuni ta zama gari. Lambar casis ɗin ma tana nan raɗau a kan doron, ƙarƙashin kujerar baya, babu alamar an taɓa goge ta ko an sake bugawa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Babban ɗan marigayin ne ya yi mini tayi, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa har yanzu ba a raba gado ba, akwai matan mahaifinsu biyu da ke raye, akwai kuma ƙannensa da ba su balaga ba. Takardun motar gara ta cinye su a cikin akwati, abin da ya rage ɓarin wani tsohon lasin ne da ba a iya karanta rabinsa. Ya ce in biya shi in ɗauka, shi zai san yadda zai yi da 'yan'uwansa, domin 'yan gwangwan sun riga sun zo sun yi mata kuɗi da kilo, kuma idan na yi jinkiri gatari zai raba ta. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Ina jin ciwon a farfasa wannan mota, amma tsoron in ɗora aikin shekaru a kan dukiyar marayu da ba a sallama mini ita ta halal ba ya fi wannan ciwon. Malam, wa ke da ikon sayar da abin da yake cikin gadon da ba a raba ba? Sa hannun manyan magada da shaidar mai unguwa ya wadatar, ko kuwa sai an je gaban alƙali ya naɗa wanda zai tsaya wa yaran? Kuma wace takarda ce za ta maye gurbin waɗanda suka lalace, ta yadda gobe wani ba zai tare ni a hanya ya ce motar sata ce ba?

Akwai kuma abin da zan yi wa casis ɗin da kaina, wanda shi ma yake buƙatar fatawarka. Tazarar ƙafar gaba da ta baya a Beetle milimita 2,400 ce, ta 356 kuwa 2,100, saboda haka sai na yanke santimita 30 daga tsakiyar farantin na sake haɗawa. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin a cikin doron nan ne sandar giya da bututun mai da wayoyin kuloci da totur da birkin hannu suke bi, kuma kowanne sai an rage masa tsawo daidai. Na amince da waldata, amma wurin yankan yana kusa da lambar, kuma bayan an gama motar ba za ta yi kama da abin da tsohon lasin ya bayyana ba, a tsawo ko a siffa ko a yawan kujeru. Shin ya kamata in kai ta gaban jami'an duba lafiyar motoci da na hukumar kiyaye haɗurra tun kafin in sa mata wuta, su ga lambar su rubuta, ko sai na kammala? Kuma da wane suna za a yi mata rajista? Ɗana ne zai riƙa zama a kujera ta biyu, don haka ina son wani masani da ba ni ba ya duba haɗin kafin ta hau titi.

Idan ta Daura ta gagara, wani dillali da ke harkar motocin Kwatano ya ce zai samo mini casis ɗin Triumph Spitfire, wadda aka yi daga 1962 zuwa 1980, ita ma casis ɗinta daban yake da bodi, kuma motar tsere ce ta asali da ba sai an yanka ba. Sai dai maganarsa tana da ramuka. Daga Ingila ya ce zai kawo, su kuwa sitiyarinsu a dama yake, alhali Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972 kuma ba a yarda da mota mai sitiyarin dama ba. Ya ce zai biyo da shi ta Maraɗi ya shigo ta Jibiya, ni kuwa na san a ranar 1 ga Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, ga kuma dokar kwastan da ta ƙayyade shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita. Shi cewa yake casis tsura kayan gyara ne, ba mota ba, don haka dokar ba ta hau kansa ba. Haka abin yake, Malam? Rabin kuɗi yake so a hannu, kuma hotuna uku kawai ya nuna mini a waya, babu wanda lamba ta fito a ciki. Na taɓa biyan kafin alƙalami a kan wani inji ta irin wannan hanya, har yau ban ga injin ba, ban ga kuɗin ba.

Wasu abokai sun ce in haɗa nawa casis ɗin da bututun ƙarfe kamar yadda aka yi motar Lotus Seven a 1957. Zan iya, amma wannan ba shi da lamba ko kaɗan, kuma ba ni da inda zan gwada ƙarfinsa.

Hankalina ya fi karkata ga ta Daura, ko da zan biya fiye da abin da 'yan gwangwan suka taya, muddin kuɗin zai shiga cikin gadon kowa ya sami rabonsa. Na roƙi babban ɗan ya ba ni mako uku, ya kuma amince, yau saura kwana 16. Ina roƙon ka taimaka ka amsa mini a shiri mai zuwa, musamman kan wanda zan fara zuwa wurinsa, alƙali ko ofishin lasin. Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Wassalam,
Mai sauraronka, wani mai walda daga Katsina