A kan husufin taurari masu faifai: gyara ga shirin kimiyya

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na makon jiya an ce idan taurari biyu na kewaya juna, ɗaya ya tare ɗaya, haske ya ragu, shi ke nan. Bayanin ya gaza, domin siffar raguwar ita ce ma'aunin abin da aka rufe.

Ɗauki HT Cassiopeiae, wasu taurari biyu masu kewaya juna, waɗanda ake hangowa da madubin hangen nesa daga nan Jidda. Ƙaramin tauraro fari mai nauyi yana zuƙar iskar gas daga abokinsa ja, suna zagaya juna cikin kusan minti 106. Gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya yi faifai a kewayen farin. Inda kwararar ta bugi bakin faifan akwai tabo mai zafi, shi ne kan sa haske ya yi tozo kafin husufi a irin waɗannan taurari. Da jan tauraron ya gitta, sai ya rufe gefen faifan a hankali, ya rufe farin cikin ƙasa da minti ɗaya, ya rufe tabon. Kowanne da matakinsa a jadawalin haske, wato layin da ke nuna hawa da saukar haske a kan lokaci.

Don zana taswirar hasken faifan, a kwamfuta ana yanka shi gida-gida, a ba kowane gida haske, a gitta inuwar, a gwada da abin da aka auna, a yi ta gyarawa. Masanin taurari Keith Horne ne ya fito da wannan dabara a 1985. Ana gwada taswirar da lissafin masana Shakura da Sunyaev na 1973, wanda ya ce a faifai mai daidaiton kwarara, in nisa daga tsakiya ya ninka 16, zafi zai ragu sau 8.

Ga inda ake tuntuɓe. Layi ɗaya na haske ba ya isa ya ba da taswira guda tak, don haka dabarar takan zaɓi wadda ta fi sulɓi, ta shafe ƙananan siffofi. In bakin faifan ya yi kauri kuma, yakan ɓoye tsakiya, sai zafin ya fito kamar bai bambanta ba. Hasken ma ƙyafƙyaftawa yake yi, dole a haɗa husufi da yawa.

Ɗalibanmu na Makka da Madina su kula da agogo: tunda Duniya na zagaya Rana, in ba a mayar da lokaci kamar daga cibiyar Rana aka auna shi ba, kuskure na iya kai minti 8, ya fi tsawon husufin farin tauraron.

Wassalam,
Mai sauraronku, Jidda