Kuturta ba a gadonta, garkuwar jiki ake gada

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A watan jiya aka fasa auren ɗiyar ƙanwata a nan Argungu, bayan an kai gaisuwa har an sa rana. Dangin yaron sun yi bincike, aka ce musu kakanta kuturu ne. Kakan nan mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Yarinyar kuwa ko kyasbi babu a jikinta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba bai samu magani da wuri ba, sai da yatsunsa suka dungule kafin a kai shi Amanawa, kusa da Sakkwato. Na tashi ina ganin Inna kowane dare da fitilar ƙwai tana duba tafin ƙafarsa, ko ya taka ƙaya bai sani ba, domin ƙafar ta daina jin zafi. Ta jiƙa masa ita a ruwa, ta shafa man kaɗe. Fiye da shekara talatin suna ɗaki ɗaya, ba ta kamu ba. Mu tara ya haifa, kuma yayanmu kaɗai tabo ya fito wa a kafaɗa yana saurayi. Malamin asibiti ya ce ya rufe ido, ya shafa masa auduga a wurin, bai ji ba. Wata shida yana shan magani, shi ke nan. Yau manomin shinkafa ne a fadama, yatsunsa goma cif.

Tun ina yaro nake tambayar kaina dalilin da ya sa cutar ta tsallake mutum takwas ta kama ɗaya. Amsar da masana suka samo ita nake son mutanenmu su ji. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, wadda likita Armauer Hansen ya gano a Norwe a 1873. Ba rantsuwar ƙarya ba ce, ba kifi da nono ba ne. Tana fita ta hanci da bakin mara lafiyar da bai fara magani ba, kuma sai an daɗe ana cuɗanya. Duk da haka, kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu kan kashe ta ba su ma sani ba.

Ba zan ɓoye gaskiya ba don maganar ta shafi gidanmu: gado yana da hannu. Abin da ake gada shi ne irin garkuwar da jiki ke fuskantar ƙwayar da ita. Akwai wasu ƙwayoyin halitta na gado da ake kira HLA, aikinsu su ɗauki gutsuren ƙwayar cuta su nuna wa sojojin jini don su gane abokin gaba. Na wani yakan nuna da kyau, na wani da rauni. A 2009 wani babban bincike a Sin ya ƙara gano wasu, cikinsu har da NOD2, wadda ke tsinkayar ƙwayar cuta bayan ta kutsa ciki. Tun a shekarun 1970 aka lura a Indiya cewa tagwaye masu kama ɗaya sun fi kamuwa tare, a kan waɗanda ba su yi kama ba. Har nauyin cutar ma da garkuwa yake tafiya: mai ƙarfinta tabo kaɗan ke fito masa, kamar yayana, mai rauninta kuma cutar ta bazu masa.

To amma a nan masu binciken aure ke yin tuntuɓe. Waɗannan ƙwayoyin halitta suna da yawa, kowace tasirinta kaɗan ne, kuma 'ya'yan mutum ɗaya ba iri ɗaya suke ɗauka ba. Ko wanda ya gaji raunin, in bai haɗu da ƙwayar cutar ba, ba zai taɓa yin kuturta ba. Shi kansa yaron da aka hana auren, wa ya san irin garkuwar da ya gada? Wataƙila danginsa ba su taɓa zama da mai cutar ba ne kawai. Yarinyar nan kuma an haife ta ne shekaru bayan Baba ya warke, kuma wanda ya sha magani ba ya yaɗa cutar.

Abin da ya kamata gidan da aka samu mai cutar su yi shi ne kowa ya je a duba shi, domin takan ɓuya shekara biyar, wani lokaci har ashirin. Tun 1995 kyauta ake ba da magani, wata shida ko goma sha biyu, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba makusanta maganin rifamfisin sau ɗaya don rigakafi. Tsoron a ce "gidan kutare" shi ke sa uwa ta rufe tabon ɗiyarta da mayafi har jijiya ta mutu.

Ranka ya daɗe, Lahadin ƙarshen Janairu ita ce ranar kuturta ta duniya. Ina roƙon kafin nan ka samo likita ya yi wannan bayani da Hausa, a kai wa limamai da iyayen da ake aikawa bincike. Ɗiyar ƙanwata yau sati uku ke nan ba ta leƙa ko ƙofar gida ba.

Naka,
Mai karatunku daga Argungu, Jihar Kebbi